Wasiƙa: Tsagar da ta karkace ma tana karya ƙarfe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk sanda shasin tirela ko shaf ɗin injin niƙa ya ɓalle gida biyu, bayanin da ake ba jama'a ɗaya ne: an yi lodi fiye da kima. Sau da yawa lodin bai wuce na kullum ba. Tsaga ce da ma take jikin ƙarfen, kuma akwai lissafin da ke faɗin nauyin da zai ƙarasa ta. A wannan lissafin muke so a gyara wani kuskure da ake yawan yi game da tsagar da ta karkace, har a wajen waɗanda suka karanci aikin.

Injiniya Griffith ne ya aza harsashinsa a Ingila wajen 1920, Irwin na Amurka ya ƙarasa shi a 1957 da ma'aunin da ake kira K, wato tsananin matsi a bakin tsaga. Ana samun K ta hanyar ninka matsin da ke kan ƙarfen da tushen murabba'in (π × a), inda a take rabin tsawon tsagar da ke tsakiyar faranti. In tsagar a gefe take, a ɗauki zurfinta duka, a ƙara ninkawa da 1.12. Kowane ƙarfe yana da iyakar K da zai jure. In aka kai ta, ba lanƙwasa ba gargaɗi, sai dai a ji ƙara. Gadar Silver Bridge a kan kogin Ohayo na Amurka ta rufta a 1967, mutum 46 suka mutu, kuma tsagar da ta jawo haka zurfinta kusan milimita 2.5 ne kacal.

Ga misali. Faranti mai faɗi na ƙarfe mai tauri, iyakar K ɗinsa 50 MPa√m (MPa ma'aunin matsi ne, m kuma mita), da tsaga mai tsawon milimita 20 a tsakiya. In tsagar ta gitta layin ja sosai, a ta zama milimita 10, wato mita 0.01; tushen (π × 0.01) shi ne 0.177, in aka raba 50 da shi farantin zai karye a MPa 282. Wannan kowa ya iya.

Matsalar tana zuwa in tsagar ta karkace da digiri 45. A nan ja ya rabu biyu: rabi yana buɗe bakin tsagar, rabi yana zamar da leɓɓanta a kan juna, kowanne 0.0886 sau matsin. Wanda ya lissafa buɗewa kaɗai zai ce farantin zai kai MPa 564, ya sa hannu a takarda hankali kwance. Wanda ya haɗa biyun da tushen jimlar murabba'ansu zai samu kusan 400. Amma tsaga ba ta bin layinta na farko. Masana biyu, Erdogan da Sih, sun nuna a 1963 cewa tana juyawa ta nufi inda ja ya fi ƙarfi a kewayen bakinta. In buɗewa da zamewa sun zo daidai, juyawar kusan digiri 53 ce, kuma K ɗin da ke aiki ya zama 1.79 sau na buɗewar. Amsar ta sauko MPa 315. Tsakanin 315 da 282 tazarar kaɗan ce, don haka a ganinmu duk wanda ba shi da tabbacin kusurwa ya ɗauki tsagar tamkar ta gitta, ya huta.

Haka abin yake a shaf mai ɗaukar lanƙwasa da murɗi tare. Lanƙwasa MPa 100 da murɗi MPa 100 suna ba da ja mafi girma na kusan MPa 162, a karkace. Mai shakka ya murɗa allin makaranta ya ga yadda yake karyewa a karkace, ba a miƙe ba.

Sai dai lissafin ba ya wuce ingancin lambobin da aka ba shi, kuma a garejojinmu nan ake lalata su. Mai walda ya gama ɗinke aksul, wato sandar da ke riƙe tayoyi, ya kwara masa ruwa don ya huce da wuri: gefen waldar ya yi tauri, juriyarsa ta faɗi, lambar da ke littafi ba ta ƙara aiki. Sandar walda 7018 da ta sha danshi kuma tana cusa iskar haidurojin cikin ɗinkin, tsaga ta fito bayan kwana ɗaya ko biyu. Sannan tsawon da ido ke gani ba shi ne tsawon tsagar ba. Don gano shi, a wanke wurin, a jiƙa shi da kananzir, a goge, a shafa garin alli. Kananzirin da ya shige zai tsatso ya zana layin har ƙarshensa. A huda rami a bakin tsagar biyu, a kankare tsagar har gindinta, a ɗumama ƙarfen kafin walda, a bar shi ya huce a cikin busasshen yashi. Aksul da ƙugiyar ɗaga kaya kuwa ba a yi musu walda, canza su ake yi.

Roƙonmu ga wakilanku: in sun je wurin haɗari, su ɗauki hoton fuskar karayar kafin a taɓa ta. Ɓangaren da ya yi duhu ko tsatsa tsohuwar tsaga ce, mai ƙyalli shi ne sabon ɓallewa, kuma da faɗin duhun ake komawa baya a gano nauyin da ya karya ƙarfen.

Naku,
Wasu injiniyoyin ƙarafa, Kaduna.