Wasiƙar Shugabar Makaranta: Maganar Ƙwaron Kifin Sito da Sauran Sanarwa

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, ya gida ya hidima, Allah ya bar zumunci.

Na san maganar da kuke jira ke nan, to ga ta. Eh gaskiya ne an samu ƙwari a wasu kwalayen bandan kifi a sitonmu, kuma tun kafin hotonsu ya shiga gurup ɗin WhatsApp mai kula da sito ya riga ya ware su gefe, ko ɗaya bai shiga tukunya ba. Wanda ya tura hoton da rubutun wai makaranta na ciyar da yara "ƙwaro mai dafi" ya san kansa, ofishina a buɗe yake kullum amma bai ga damar takowa ba sai da ya gama tada hankalin uwaye cikin dare. Allah ya kyauta.

Malamar bayoloji, Allah ya yi mata albarka, ita kam maimakon surutu sai ta ɗebi ƙwarin a kwalba ta kai lab ta tara 'yan SS2 a kansu, ni ma na leƙa. Sunansa na kimiyya Necrobia rufipes, girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, milimita 4 zuwa 7 haka. Da ido kawai sai ka ce baƙi ne, amma ka sa gilashin ƙara girma sai ka ga bayansa shuɗi ne mai ɗan kore-kore yana sheƙi, ƙafafu shida duk jajaye, ga gashi tsiri-tsiri ya rufe jikin. Eriyarsa biyu kowacce gaɓa 11 ce, gindin ja, gaɓoɓi uku na ƙarshe kuma sun yi duhu sun kumbura. Jikin kashi uku ne, kai da ƙirji da ciki, ƙirjin bai kai fukafukai faɗi ba, kuma fukafukan sama masu taurin nan da ƙananan ramuka a jere a kansu ba da su yake tashi ba, murfi ne kawai, na tashin suna naɗe a ƙasa. Akwai wata yarinya da ta dage wai gaɓa huɗu ta ƙirga a tafin ƙafarsa alhali malama ta ce biyar ne, sai da aka juya ƙafar aka nuna mata ta huɗun 'yar mitsitsiya ce ta ɓuya. Na ji daɗin gardamar nan sosai, irin ɗaliban da muke so ke nan, ba masu kwafe allo kawai ba.

Wajen rabe-rabe kuwa, wanda su WAEC ba sa gajiya da tambaya, yana cikin Arthropoda, ajin Insecta, rukunin Coleoptera wato su buzuzu da gundar hatsi, sai dangin Cleridae mai nau'i wajen 3,500 a duniya. Yawancin danginsa masu ado ne, ja da baƙi da rawaya a tsare ɗaki-ɗaki a baya, kuma mafarauta ne, suna bin bawon itace suna cinye ƙwarin da ke huda katako, wasu kuma a kan fure suke. Namu yana cikin kaɗan da suka fita zakka, ya koma bin abinci mai maiƙo. A ƙasashen Asiya masu zafi irin su Filifin da Indiya da Siri Lanka babban abokin gaban masu sana'ar busasshiyar kwakwa ne, wadda ake matsa a fitar da mai, kuma ta jiragen ruwan kaya ya yi ta yawo har ya zama babu nahiyar ɗumi da ba ya nan. Mu nan kifin banda da busasshen nama yake samu, shi da wani abokin tafiyarsa Dermestes maculatus, duk mai sayar da kifin Tafkin Chadi ya san ɓarnarsu ko da bai san sunan ba. Macen ƙwaron namu tana saka ƙwai a tsagar kifin, tsutsar ce ke yin cin gaske, ta huda naman ta bar gari, kuma ba ta barin ƙwai da tsutsar sauran ƙwari ma, in ta gama sai ta yi wa kanta farin gida ta kwanta ta rikiɗe.

Malama ta ba su wani labari da ya tsaya min a rai. Wani Bafaranshe masanin ƙwari mai suna Latreille, wanda shi ne ya sa wa dangin suna a 1802, an taɓa kulle shi a birnin Bodo (Bordeaux) lokacin juyin juya halin Faransa, sai likitan kurkuku ya same shi yana nazarin wani ɗan'uwan wannan ƙwaron, Necrobia ruficollis, a ƙasan ɗaki. Ƙwaron ya kai ga hannun wani matashi masanin halittu, daga nan aka yi ta kai-komo har aka saki Latreille. Sai ga shi yaran da ke tserewa lab yanzu su ne ke tambaya yaushe za a koma.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau. Ranar ziyara da ta wuce mun ga kilishi da kifi a lokokin yara an ɗaure a leda an cusa ƙarƙashin kaya, wani har ya fara gari. In za ku kawo, ku kawo kaɗan wanda zai ƙare cikin mako, a busar da shi sosai a sa a roba mai murfi. Kuma don girman Allah kar wanda ya fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a abincin da yaro zai ci, wannan shi ne guba ta gaske, ba ƙwaron ba. Kifin da kuka ji yana warin magani a kasuwa, ko kuka ga ƙuda ma na gudunsa, ku bar wa mai shi. Mu ma sito an kwashe komai an share an shanya a rana, kuma daga yanzu sai an buɗe kowane kwali a gabana ko mataimakina kafin a biya ɗan kwangila.

'Yan SS2 da SS3 kowa ya dawo da gilashin ƙara girma nasa da fensir HB da littafin zane, na gaji da ganin yara biyar a kan gilashi ɗaya, kuma mun faɗa tun zangon farko.

Masu sauran kuɗin makaranta, kun san kanku, a je wajen basa mai karɓar kuɗi kafin jarrabawa. Taron PTA Asabar ta biyu a wata mai kamawa ƙarfe goma, iyaye maza a daure a zo da kai, a daina aiko direba. Sanyi ya fara shigowa, a haɗo wa yara suwaita ta makaranta ba mai rubutu ba.

Na gode, a gaida gida.

Shugabar Makaranta