Sanarwa ga Iyayen Yara Ƴan Nazare a Guangzhou

Assalamu alaikum iyaye. Bikin tsakiyar kaka na Sinawa ya matso, ranar 15 ga watansu na takwas. Lokacin ne abokai ke aika wa juna kek ɗin wata, wato wani kek zagayayye kamar farin wata, yara su fito da fitilu da dare.

Don Allah kada yaranmu su zama masu karɓa kawai. Kowa ya ba ɗansa dabino ko cincin ya kai wa ƴan ajinsu, ya miƙa da hannu biyu, don ta haka ne Sinawa ke ba da kyauta. Ku bar shi ya raba da kansa, ko da yana ƙunƙuni.

A kula, wani kek ɗin akwai man alade. Ku duba alamar halal tukuna.