Kafin Ma'aikacin Asibiti Ya Biya Kuɗin MBA Ta Intanet

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana ma'aikatan lafiya kan tallan da ya cika mana waya, na digiri na biyu a fannin kasuwanci, wato MBA, wanda ake cewa kana kwance a ɗakinka za ka gama, ka fito shugaban asibiti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin haihuwa kafin a maido ni ofis, kuma kusan kullum sai wani cikin ƙannena a wurin aiki ya tare ni da tambayar wacce makaranta ce ta fi araha.

Ni kuma sai in tambaye shi: da naira za ka biya ko da dala? Makarantun waje suna rubuta farashi mai daɗin gani, wasu ma su ce karatun kyauta ne, amma kowane darasi akwai kuɗin jarrabawa da dala. Wanda ya shiga a farkon 2023, dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, albashi kuwa bai bi ta ba. Na san waɗanda suka tsaya a tsakiya, kuɗin ya tafi, takarda ba ta zo ba.

Ko an samu takardar, da sauran aiki. Digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi kafin ya yi wa ma'aikacin gwamnati amfani. Ba mu manta da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ba, wanda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Tun daga nan ake yi wa takardar waje kallon biyu. Araha ba ta ado. Shi ya sa nake cewa a fara duba na gida: Jami'ar NOUN, ta karatu daga gida, tana da cibiyoyi a jihohi, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa da ke ba da MBA, kuma duk da naira ake biya. Amma a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa (NUC) ta amince da shi kansa kwas ɗin, sunan jami'a kaɗai bai isa ba. Sannan a nemi izinin karatu a rubuce daga wurin aiki tun kafin rajista, in ba haka ba ranar ƙarin girma a ce ba a san da zancen ba.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne abin da za a koya. MBA na gama-gari zai koya maka lissafin kuɗi da tafiyar da ma'aikata, ba zai gaya maka yadda ake bin kuɗin asibiti a hannun kamfanin HMO, mai biyan asibiti kuɗin masu inshorar lafiya, ba. Alhali nan aikin yake. Tun da aka sa hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) a 2022 inshorar lafiya ta zama tilas, jihohi suna da nasu hukumomin inshorar irin KSCHMA ta Kano, ga asusun kula da lafiya a matakin farko (BHCPF) da dokar lafiya ta 2014 ta kafa wa ƙananan asibitoci. Wanda ake nema shi ne mai iya cike takardun neman biya ba tare da an dawo da su ba, mai riƙe asusun magani ya juya bai karye ba, mai tsara jadawalin aiki a ɗakin da ma'aikata ba su isa ba. To a nemi jerin darussan tun kafin a biya ko sisi. In babu tattalin arzikin lafiya ko inshora a ciki, aƙalla a yi binciken kammalawa a kan asibitin da ake aiki.

Kada kuma a ruɗi kai da kujera. A asibitocin koyarwa likita ne ke zama CMD, wato shugaban asibiti. Mu sauran, ƙofarmu tana ɓangaren mulki, hukumomin inshora da asibitoci masu zaman kansu. Mai burin digiri na uku ya sani jami'o'i da yawa MSc, wato digiri na biyu na bincike, suke nema, ba MBA ba. Bayan kuɗin makaranta kuma, ga kuɗin data, ga cajin kwamfuta a garin da wuta ba ta zama, ga kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, ga roƙon abokiyar aiki ta karɓe maki aikin dare.

Ya Edita, don Allah ku tura wakilinku NUC ya karɓo jerin jami'o'in da aka yarje wa karatu daga nesa, ku buga mana shi da Hausa tare da kuɗin kowacce a bana.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya, Gusau