Masu zuwa Yankari, don Allah ku riƙa jin maganar ɗan rakiya

Assalamu alaikum Malam Edita, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwa masu shirin zuwa gandun dajin Yankari, yanzu da rani ya kama, ciyawa ta bushe, namun daji sun fara gangarowa kogin Gaji shan ruwa.

Ni dai na yi tirenin ɗin aikin rakiyar baƙi a dajin nan, wani dattijo tsohon ma'aikacin gandu ne ya riƙe mu, Baba kawai muke ce masa. Ranar farko ko biri bai nuna mana ba, tsohuwar safar ƙafa ya miƙa wa kowa da toka a ciki, ya ce ka kaɗa ta ka ga ina iska ta dosa, don giwa ba ta gani sosai amma hancinta da kunnenta ba sa yi mata ƙarya, in har iska ta kai mata warinka to ka riga ka makara.

Wata safiya muna tafe a ƙasa bayan asuba sai Baba ya tsaya a kan kashin giwa, ya fasa shi da sanda ya kara bayan hannu, ya ce da ɗumi, ba su yi nisa ba. Ya zagaya sawun ƙafar gaba da igiya ya ninka biyu, ya ce ga tsayinta har kafaɗa. A gefen babban sawun kuma ga wani ƙarami kamar faranti, nan take fuskarsa ta canja. Uwa ce da ɗanta. Ba mu yi taku goma ba muka ji reshe ya karye, sai ga ta ta fito daga cikin kurmi ta baza kunnuwa tana kaɗa kai tana watsa ƙura, ta yi wata ƙara da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, wallahi a ƙirjina na ji ta. Baba bai ɗaga murya ba, ya ce kar wanda ya gudu, ku ja da baya a hankali kuna kallonta. Haka muka yi har ta juya.

Da muka zauna ya ce mana wannan kashedi ne kawai, wadda ta yi niyyar gaske kunnuwa take maƙalewa baya ta sunkuyar da kai ta naɗe hanci ta taho shiru. Wata 22 fa take ɗauke da cikin ɗan nan, ta yaya za ta bari ka matso masa? Haka ya koya mana tsoron tsohon ɓauna mai kiwo shi kaɗai, da sauraron kukan carki, don sau da yawa shi ke fara tona inda ɓaunan yake.

To abin da ke damuna Malam Edita, sai ka ga baƙo a mota yana matsa wa direba lamba, matsa kusa mana in ɗau hoto, wani har kuɗi yake miƙowa, in an ƙi ya ce an cuce shi. Wasu kuma a sansanin Wikki, inda baƙi ke sauka, suna jefa wa gwaggon biri biskit don a yi bidiyo, shi ya sa yanzu ba sa shakkar mutum, ni da idona na ga ɗaya ya fizge leda a hannun wata baiwar Allah da goyo a bayanta, ta tsorata har ta faɗi. Dajin nan tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma giwayensa na cikin 'yan kaɗan da suka rage mana a Najeriya. In ɗan rakiya ya ce a tsaya nan, don Allah a tsaya, in ya ce a yi shiru a yi.

Sannan ina roƙon hukuma ta ɗebo samarin Mainamaji da sauran ƙauyukan Alkaleri ta haɗa su da irin su Baba su koyi karatun sawu, don yawancin dattawan nan ƙarfinsu ya fara ƙarewa.

Naku,
wani mai karatu daga Bauchi