Motar ƙanƙara ta Kanada da taɓon damunarmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni bakaniken tarakta ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Guri ta Jihar Jigawa. Ina roƙon fili in yi magana kan wasu tsofaffin motoci na ƙasar Kanada, don damuwar da ta haife su irin tamu ce.

A garin Valcourt na lardin Kwibek an yi wani bakanike mai ɗan gareji, Joseph-Armand Bombardier. A 1934 ɗansa mai shekara biyu ya kamu da ciwon ciki mai tsanani, dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu. Mutumin ya duƙufa. A 1937 ya fito da motar da ya kira B7, mai ɗaukar mutum bakwai. A gaba ya sa mata faifai biyu masu sulɓi, a baya kuma sarƙa irin ta katafila, wadda haƙoran gargare ke ja. Dabarar ita ce a baza nauyin mota a kan fili mai faɗi, don kada ta nutse. Likitocin karkara suka saya, aka kai wasiƙu da ita, daga baya B12 mai mutum 12 ta riƙa kwasar 'yan makaranta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya biyo baya. Da gwamnatin lardin ta soma share ƙanƙara daga hanyoyi a ƙarshen shekarun 1940, ciniki ya faɗi, sai Bombardier ya juya ga ƙera motocin ratsa laka. A 1953 ya ƙera Muskeg, tarakta mai sarƙa da ke ratsa fadama ɗauke da kaya. To, ai wannan ita ce ƙasarmu daga Agusta zuwa Oktoba! Idan kogin Haɗejiya ya cika, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, ruwa sai ya bi gonaki da hanyoyi. A ambaliyar 2022 na ga an ɗora mai naƙuda a amalanke, shanun suna nutsewa har gwiwa, maza huɗu na tura ƙafar da kafaɗa, uwarta na biye tana salati. Wurin ya yi wa kwalekwale ƙarancin ruwa, ya yi wa babur yawa. Allah Ya sauke ta lafiya, amma ba kowa ke samun haka ba.

Jiragen saman Kanada ma haka. Kafin kamfanin de Havilland ya ƙera Beaver, wanda ya fara tashi a 1947, sai da ya tambayi matuƙan jeji abin da suke so. Shi ya sa ƙofarsa ke cin duron mai, ana iya ƙara masa baƙin mai daga cikin ɗakin matuƙi, kuma ana sauya masa taya da faifan ƙanƙara ko ƙafafun sauka a kan ruwa. An ƙera fiye da 1,600, da yawansu na tashi har yau. Ba jirgi nake nema mana ba, ba mu kai nan ba. Tambayar nan da aka yi wa masu aikin ita nake so.

Muna da masu walda a Haɗejiya da ke haɗa injin casar shinkafa da hannunsu. Muna da kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya da ta Hussaini Adamu a Kazaure. Ina kira ga gwamnatin jiha ta haɗa malamansu da mu masu baƙin mai a riga, da ungozomomi, da direbobin da suka san inda kowace hanya ke cin mota. A ba mu injin tela-tela ɗaya, irin wanda manoman shinkafa ke huɗa da shi, da kuɗin ƙarfe, mu gwada ɗora masa sarƙa da gadon kwantar da majiyyaci. A gwada shi tun da rani a fadama, kafin ruwan baɗi ya sauka. Garejina da kayan aikina suna nan ga duk wanda ya shirya.

Naka,
Wani bakanike daga ƙaramar hukumar Guri, Jihar Jigawa