Takardar Koke Daga Masu Walda da Makanikai na Birnin Tawa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jahar Tawa,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu walda da makanikai na wannan birni mun kawo kukanmu a kan wani ciwo da ke kwantar da 'yan'uwanmu. Mutum zai kwanta lafiya, tsakar dare babban ɗan yatsan ƙafa ya kumbura, ya yi ja, ko mayafi ya taɓa shi sai ihu. Da safe takalmi ba ya shiga, sai yaran shago su riƙe aikin. Mun daɗe muna cewa sanyin ƙashi ne, har likitoci suka auna jinin wasunmu suka ce gut ne, wato sinadarin yurik ya taru a gaɓoɓi.

Mun san gado da yawan cin nama suna kawo shi. Amma muna zargin har da molibdenum, ƙarfen da ake haɗawa cikin wasu ƙarafa marasa tsatsa da wasu sandunan walda, yana kuma cikin baƙin giris ɗin da muke cusawa da hannu. Jiki na bukatar wannan ƙarfe kaɗan ƙwarai, kuma sinadarin da ke haɗa yurik a hanta da shi yake aiki. A 1961 masana sun ga ciwo mai kama da gut a ƙauyukan Armeniya da ƙasarsu ke da yawan wannan ƙarfe. A 1979 aka samu yurik ya ƙaru a jinin ma'aikatan wata masana'antar gasa molibdenum a Amurka. Mu kuwa yini muke cikin hayaƙi da ƙurar gurza ƙarfe a rumfar kwano, daga mai ɗaura rawani a hanci sai wanda bai rufe komai ba, har da yara masu koyo.

Dokar aiki ta 2012 ta ɗora wa masu ba da aiki kare lafiyar ma'aikaci, amma galibinmu ba mu da rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ciwo in ya zo daga aljihunmu ne. Muna roƙon ka sa sufetocin aiki su zaga garejojinmu su duba iskar da muke shaƙa, babban asibitin jaha ya auna mana jini a farashi mai sauƙi, a kuma taimaka mana da abin rufe hanci na ainihi da safar hannu.

Allah ya ja zamaninka.

Masu walda da makanikai na birnin Tawa