A DAINA YAFE BUGUN MOTA TA BAYA TUN A BAKIN TITI

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan haɗarin da muka fi rainawa a titunanmu, wato mota ta daki wata ta baya, da kuma yadda waɗanda abin ya shafa ke watsar da haƙƙinsu tun kafin su san irin raunin da suka ji.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka direban da ya manne wa ta gabansa, ko ya sunkuya yana duba waya, ya riga ya cinye tazarar da ke tsakaninsu kafin ƙafarsa ta kai ga birki. A cikin gari, mai adaidaita sahu kan taka birki ba sigina da zarar fasinja ya ɗaga hannu. A manyan hanyoyi irin ta Kano zuwa Zariya kuwa abin ya fi muni da dare, inda tirela kan lalace a tsakiyar titi ba fitilar baya, sai 'yan rassan bishiya da yaron mota ya jera, waɗanda ba a ganinsu sai an zo gab. Ƙaramar motar da ta afka wa irin wannan tirela kan shige ƙarƙashinta ne, kuma da wuya na kujerar gaba su tsira.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ƙaramin bugun da kowa ke fitowa daga mota da ƙafarsa. Jama'a kan taru, a duba bamba da fitilar da ta fashe, a yi cinikin kuɗin gyara, wanda aka buga ya ce ya yafe, a yi "Allah ya kiyaye gaba" a watse. Ba wanda ke tambayar wuyansa. Alhali a lokacin bugun, kujera ta tura gangar jiki gaba, kai ya fizgu baya sannan ya dawo da ƙarfi, kuma ciwon da hakan ke jawowa sau da yawa ba ya bayyana sai bayan sa'o'i ko washegari: wuya ya sanƙare, kai ya yi ta sarawa, wani har hannunsa ya riƙa mutuwa. A lokacin wanda ya yi bugun ya daɗe da tafiya, ko lambar motarsa ba a rubuta ba.

Wasu na ganin neman diyya rashin yarda da ƙaddara ne. Ban yarda da wannan ba, domin aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta tabbatar da diyya a kisan kuskure, malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin diyyar raunuka dalla-dalla. Yafiya alheri ce, amma sai mutum ya san abin da yake yafewa.

Dokar ƙasa ma ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 a shekara ga motar gida, inshorar kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, sannan tana biyan kuɗin rauni ko rasa rai. Matsalar ita ce direbobi da yawa takardar bogi suke saya a hannun 'yan kamasho don kawai su wuce shingen 'yan sanda. Mai ƙyamar inshora saboda addini kuwa, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci.

Shawarata ga wanda aka buga ita ce ya ɗauki hoton motocin biyu da lambobinsu da takardar inshorar, ya kai rahoto ga 'yan sanda ko ya kira hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a lamba 122, sannan ya ga likita a ranar ko da bai ji ciwo ba, ya adana rahoton asibiti da rasiɗin magani, domin da su kamfanin inshora da kotu ke aiki. Kada ya sa hannu a takardar sulhu kafin likita ya gama duba shi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar ofishin hukumar ba da tallafin shari'a da ke jiharsa, kuma ya hanzarta, saboda doka ta ƙayyade lokacin shigar da irin wannan ƙara.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya